Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Akwai wata sana'a da ta kafu a Amurka daga shekara ta 2014, ta kuma bazu har ta kai duk inda salula take kaiwa. Kayan aikinta kaɗan ne: makirfo, kwamfuta, da ɗaki marar hayaniya. Hajarta kuwa gawar ɗan wani ce. Mutum yakan zauna ya ɗauki labarin wani kisan kai da ya faru da gaske, ya kasa shi kashi-kashi kamar yadda mahauci yake kasa nama a kan tebur, ya sa masa kiɗa mai sa gaba faɗuwa, sa'an nan ya ɗora shi a intanet. Irin wannan shiri na murya ana ce da shi fodkas. Yana kama da shirin rediyo, sai dai ba shi da ƙayyadadden lokaci. Mai sauraro yakan saukar da shi a salularsa ya ji sa'ad da ya ga dama, yana tuƙi, ko yana wanke-wanke, ko yana kwance yana jiran barci.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramar kasuwa ce. A shekara ta 2023 cibiyar bincike ta Pew ta fitar da sakamakon duba shirye-shirye 451 waɗanda suka fi samun masu sauraro a Amurka. Kashi 24 cikin 100 labarun laifi na gaske ne. Siyasa da sha'anin mulki kashi 10 kawai suka samu. A 2020 jaridar New York Times ta sayi kamfanin da ya yi shirin Serial, an ce a kan wajen dalar Amurka miliyan 25. A 2022 kamfanin Amazon ya ƙulla ciniki da masu shirin My Favorite Murder, an ce kuɗin sun wuce dalar Amurka miliyan 100. Ma'anar sunan shirin nan ita ce Kisan Da Na Fi So. Mata biyu masu barkwanci suke gabatar da shi tun 2016, suna haɗa labarin kisa da raha, suna zuwa manyan ɗakunan taro inda jama'a suke biyan kuɗin shiga, suna sayar da riguna da kofuna masu ɗauke da kirarin shirin. Sun ce ba mamaci suke yi wa dariya ba, tsoro suke kora da ita. Mai yiwuwa haka zuciyarsu take. Amma uwar da ta binne ƴarta ba ta ganin zuciyar kowa, sunan shirin take gani.

Cikin dukan hajar da take shiga kasuwar nan, ba wadda ta fi tsada kamar ɗalibin jami'a, musamman mace. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗaliba yarinya ce, tana da hotuna da bidiyo masu yawa waɗanda ta bari a shafunan zumunta, tana dariya, tana rawa da ƙawayenta, ga su nan kyauta ga duk mai son ya ɗauka. Ta bar gidan iyayenta bai daɗe ba, saboda haka kowane uba da kowace uwa da suka tura ɗa karatu nesa za su ji abin a jikinsu. Tana da ƙawaye, da saurayi, da tsohon saurayi, da malamai, da maƙwabta, wato mutane da yawa waɗanda za a iya nunawa da yatsa. Kwaɗayin nan ya girmi fodkas. Ɗalibai mata biyu da aka kashe a gidan kwanansu a Jami'ar Jihar Florida a watan Janairu 1978 har yau ana maimaita labarinsu. Kisan ɗalibai biyar a garin Gainesville a watan Agusta 1990 shi ya ba wani marubuci dabarar fim ɗin ban tsoro mai suna Scream, wanda ya fito a 1996 ya kawo kuɗi masu yawa. Abin da fodkas ya ƙara shi ne sauri da yawa. A dā sai an gama shari'a, an yi shekaru, kafin wani ya rubuta littafi. Yanzu kafin a yi jana'iza an yi kashi na uku.

Abin da ya faru a Mosko, wani ƙaramin gari a jihar Idaho can arewa maso yammacin Amurka (ba Mosko ta Rasha ba), ya isa misali. Da asubar Lahadi, 13 ga Nuwamba 2022, jim kaɗan bayan ƙarfe 4, wani mutum ya shiga wani gidan haya mai hawa uku kusa da Jami'ar Idaho, ya kashe ɗalibai huɗu da wuƙa. Uku mata ne, ɗaya namiji. Biyu suna da shekara 21, biyu kuma shekara 20. Waɗansu ƴan mata biyu da suke zaune a gidan sun tsira. Ba a kira ƴan sanda ba sai gab da ƙarfe 12 na rana. Mutanen garin wajen 25,000 ne, rabonsu da ganin kisan kai kuwa tun 2015. Ɗalibai da yawa suka tattara kayansu suka koma gida kafin hutu, waɗansu suka ƙarasa zangon karatu daga can.

Kwana 47 ƴan sanda suka yi ba su kama kowa ba. Ba su kuma faɗi abin da suka sani ba, gama mai bin sawun ɓarawo ba ya tafiya yana buga ganga. Cikin kwanakin nan 47 ne kasuwa ta ci.

Akwai wata motar sayar da abinci a tsakiyar garin wadda take da kyamara mai watsa hoto kai tsaye a intanet. Biyu daga cikin ƴan matan sun tsaya sun sayi abinci wurinta da tsakar daren nan. A cikin hoton an ga wani saurayi tsaye kusa da su, sanye da riga mai hula. Shi ke nan, aka ce shi ne. Aka tono sunansa, da na iyayensa, aka baza. Ɗaya daga cikin ƴan matan ta kira tsohon saurayinta sau da yawa a daren, aka ce to, shi ne. Direban da ya kai su gida, shi ma aka ce shi ne. Wani maƙwabci ya yarda ya yi magana da ƴan jaridar talabijin, masu kallo suka ga fuskarsa ba ta yi musu ba, shi ma ya shiga layi. Ƴan sanda suka riƙa fitowa suna cewa ba su zargin saurayin motar abinci, ba su zargin direba, ba su zargin tsohon saurayi, ba su zargin ƴan matan da suka tsira. Har suka buɗe wani sashe a cikin sanarwarsu domin ƙaryata jita-jita kaɗai. Amma magana zarar bunu ce. Duk lokacin da aka ɓata wajen kashe wutar ƙarya, daga lokacin neman mai kisan aka cire shi.

Wata malama, shugabar sashen tarihi a jami'ar, tana garin Portland a wata jiha dabam a daren da abin ya faru. Ba ta taɓa koyar da ko ɗaya cikin yaran ba. Sai ga wata mata a jihar Texas, mai duba da karta, ta hau TikTok ta ce dubanta ya nuna mata malamar nan ce ta sa aka yi kisan, wai domin ta ɓoye wata soyayya tsakaninta da ɗaya daga cikin ɗaliban. Ta yi bidiyo bayan bidiyo, ta sa sunan malamar da hotonta, miliyoyin mutane suka kalla. Malamar ta aika mata takardar lauya ta daina, ta ƙi. Ta kai ƙara a watan Disamba 2022. Sai a watan Yuni 2024 alƙalin kotun tarayya ya tabbatar cewa ƙage ne, ba shi da tushe ko kaɗan. Shekara ɗaya da rabi ke nan mace tana ɗauke da sunan mai kisan kai saboda abin da karta ta faɗa wa wata da ba ta taɓa saninta ba.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne ƴan matan nan biyu da suka tsira. A watan Janairu 2023 aka buɗe takardar rantsuwar ɗan sanda, aka ga cewa ɗaya daga cikinsu ta buɗe ƙofar ɗakinta a daren, ta ga mutum da baƙaƙen kaya, fuska a rufe, ya wuce ta. Tsoro ya daskarar da ita, ta kulle ƙofa. Me ya sa ba ta kira ƴan sanda nan take ba? Tambayar nan ta ciyar da masu shiri wata da watanni. Mutanen da suke zaune lafiya cikin motocinsu, waɗanda ba su taɓa buɗe ƙofa da asuba sun ga abin da ta gani ba, suka zauna suna auna kowane minti nata. A 2025 kotu ta saki saƙonnin da ƴan matan biyu suka aika wa juna a daren. Saƙonnin yara ne da suka firgita, suna kiran ƙawayensu ba amsa, ba su san abin da ya faru ba, ba su kuma so su gaskata abin da suke tsoro. Ranar yanke hukunci ɗayarsu ta tsaya gaban kotu tana kuka, ta faɗi yadda firgita take kada ta har yanzu. Ɗayar ba ta iya zuwa ta yi magana da bakinta ba, wata ƙawarta ta karanta takardarta. A ciki ta ce bayan ta rasa ƙawayenta, baƙin da ba su san ta ba suka cika ta da saƙonnin ƙiyayya da barazanar kisa, ƴan jarida kuma suka dami iyalinta.

To, yaya aka kama mai kisan? Ya bar kuben wuƙarsa a kan gado kusa da ɗaya daga cikin gawawwakin. A jikin maɓallin kuben aka sami ƙwayoyin halittarsa, abin da likitoci suke kira DNA. Masu bincike suka gwada su da na mutanen da suka ba da nasu domin neman dangi, suka bi salsala har suka iso wani iyali. Kyamarorin unguwa sun ɗauki wata farar mota ƙirar Hyundai Elantra tana kai da kawowa kusa da gidan. Aka bi bayanan kamfanin salula. Aka ɗauko shara daga gidan iyayensa a jihar Pennsylvania, nisan dubban kilomita, aka gwada, ta dace. Ran 30 ga Disamba 2022 aka kama shi a can. Shekararsa 28, yana karatun digiri na uku a ilimin sanin halayen masu laifi a Jami'ar Jihar Washington, a garin Pullman, ƙasa da kilomita 20 daga Mosko. Sunansa bai taɓa fitowa daga bakin mai duba ba, bai kuwa kasance cikin waɗanda taron intanet ya riga ya yanke wa hukunci ba. Duk wanda aka nuna da yatsa cikin kwanakin nan 47, ba ruwansa.

Wani zai ce, ai mai dubar nan a TikTok take, masu tono sunaye kuwa a Facebook da Reddit suke, me ya haɗa su da masu fodkas, waɗanda da yawansu ƴan jarida ne masu kula da abin da suke faɗa? Tambayar tana da nauyi, gama gaskiya ne akwai masu kula. Amma a dubi yadda ake gina shirin. Ba a faɗin abin da aka sani tun farko. Mai gabatarwa yakan riƙe shi, ya fara kawo saurayi, ya faɗi abin da ya sa za a zarge shi, ya yi shiru, kiɗa ya tashi, talla ta shigo. Bayan talla ya kawo maƙwabci. A ƙarshen kashi ya bar tambaya a rataye domin a dawo mako mai zuwa, sau da yawa kuma ya ce wa mai sauraro, kai me ka gani, rubuto mana. Shekara goma ana koya wa miliyoyin mutane cewa kisan kai kacici-kacici ne, cewa zato gwaninta ce, cewa wanda yake kwance da abin ji a kunne zai iya gano abin da ya ɓace wa ƴan sanda. Sa'ad da aka sami kisa sabo, mai ɗumi, wanda ba a warware ba tukuna, ɗaliban makarantar nan suka fito su gwada abin da suka koya. Wanda ya yi shekaru yana koyar da harbi ba zai ce ba ruwansa da inda kibiya ta faɗa ba. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A nan kuwa bai ma zama gaskiya ba, shaidar zur ce tsagwaronta, wadda dubban mutane suka raba tsakaninsu har kowa ya ga rabonsa bai kai a kira shi laifi ba.

Manyan gidajen ma ba su jira ba. A watan Janairu 2023 mai shari'a ta hana lauyoyi da ƴan sanda yin magana da ƴan jarida, domin kada a ɓata shari'ar. Duk da haka cikin shekarar nan kamfanin iHeart ya fito da shiri mai suna The Idaho Massacre, gidan ABC ya fito da The King Road Killings, ga ƙananan shirye-shirye ba iyaka, alhali ba a saurari shaida ko ɗaya a gaban kotu ba. Surutun ya yi yawa har a watan Satumba 2024 aka ɗauke shari'ar daga Mosko aka kai ta Boise, babban birnin jihar, wajen kilomita 480 kudu, gama an ga da wuya a sami mutum 12 a yankin waɗanda ba su riga sun yanke hukunci a zuciyarsu ba. A watan Mayu 2025 shirin Dateline na gidan NBC, wanda shi ma yana fita a fodkas, ya baza waɗansu bayanan bincike da ba a yarda a fitar ba. Alƙali ya ba da umarni a nemo wanda ya tsegunta, lauyoyin wanda ake tuhuma kuwa suka kafa hujja da shirin suka nemi a ɗaga shari'ar. Da a ce alƙali ya yarda, da iyayen yaran ne za su ƙara watanni suna jira.

Akwai wani abu da ya kamata a ajiye kusa da wannan. A ranar nan ta 13 ga Nuwamba 2022, da dare, can gabashin ƙasar, waɗansu ɗaliban Jami'ar Virginia suna dawowa cikin bas daga kallon wasan kwaikwayo a birnin Washington. Da suka iso makaranta, ɗaya daga cikinsu ya fito da bindiga ya harbe samari uku, ƴan wasan ƙwallon jami'ar, ya raunata mutum biyu. Kashegari aka kama shi. Jaridu sun ba da labarin, jami'ar ta yi makoki, amma kasuwar fodkas ba ta ci a kansu kamar yadda ta ci a Idaho ba. Su ma ɗalibai ne, su ma suna da uwaye. Abin da ba su da shi shi ne kacici-kacici, gama an san wanda ya yi tun daren. Samarin uku baƙaƙen fata ne kuma, wannan ma ba a rasa shi cikin lissafi ba. Tun 2004 ƴar jarida Gwen Ifill ta yi wa gidajen labarai ba'a a kan yadda ɓatan farar mace yake cika musu allo kwana da kwanaki, na sauran mutane kuwa ya wuce shiru. A 2022 an kashe fiye da mutum 20,000 a Amurka. Wajen rabinsu baƙaƙe ne, ko da yake baƙaƙe ba su wuce kashi 13 ko 14 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, kuma kusan rabin kashe-kashen nan ba a kama kowa a kansu ba. Idan neman gaskiya ne ya tara jama'a, ga inda ake bukatarta. Ba can aka taru ba.

Masu kāre sana'ar suna da hujja biyu da suka fi riƙewa. Ta fari ita ce tsaro. Binciken Pew ya nuna mata sun kusa ninka maza wajen sauraron irin shirin nan, mata da yawa kuwa sukan ce suna ji ne domin su koyi yadda za su tsira. Tsoronsu na gaske ne, ba abin raini ba. Amma me shirin yake koya musu? Yana nuna musu baƙo mai wuƙa da dare. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da laifuffuka ya ƙiyasta cewa a 2023 an kashe mata da ƴan mata wajen 85,000 da gangan a duniya, kashi 60 cikin 100 kuwa miji, ko saurayi, ko wani ɗan gida ne ya kashe su. Haɗarin yana cikin ɗaki, shirin yana nuna taga. Yaran Idaho kuma a gida suke, waɗansu a kan gadonsu, masu bincike ba su sami wata alaƙa tsakaninsu da mai kisan ba. Wane darasi za a ciro daga nan, in ba a ce laifinsu ne da ba su duba ƙofar baya ba? Wanda ya saurari tallar da take shigowa tsakiyar irin shirin nan zai ji sau da yawa kamfanin sayar da makullai da ƙararrawar tsaron gida ne. A tsorata mutum minti ashirin, sa'an nan a miƙa masa kwaɗo.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, dole a ba ta haƙƙinta. A watan Mayu 1996 wata ɗaliba mai shekara 19, Kristin Smart, ta ɓace daga jami'ar Cal Poly a garin San Luis Obispo na jihar Kalifoniya. Ƴan sandan jami'ar suka yi sakaci a kwanakin fari, suna zaton ta tafi hutu ne. Jihar ta yi doka da sunanta a 1998, amma ba a gurfanar da kowa ba fiye da shekara ashirin. A 2019 wani mawaƙi ɗan yankin, Chris Lambert, wanda ya daɗe yana wuce allon da yake ɗauke da hotonta a bakin hanya, ya fara shiri mai suna Your Own Backyard. Ya bi mutane ɗaya-ɗaya, waɗansu da ba su taɓa magana ba suka yi magana. A watan Afrilu 2021 aka kama abokin karatunta wanda aka ga yana raka ta a daren ƙarshe, shugaban ƴan sandan gundumar kuwa ya faɗa a fili cewa shirin ya kawo shaidu sababbi. A watan Oktoba 2022 aka same shi da laifin kisa, aka ɗaure shi shekara 25 zuwa rai da rai. Har aka gama shari'ar ba a sami gawarta ba.

Wannan aiki ne na kirki, ba mai musu. Sai dai a lura da abin da ya raba shi da sauran. Maganar ta yi shekara 23 ba a warware ta ba. Mutumin ɗan wurin ne, ya san iyayen yarinyar, su kuma suka karɓe shi. Ya taka da ƙafarsa ya nemo abin da ba a sani ba, ya kai wa hukuma. Yawancin shirye-shiryen da suke fakewa a bayansa ba su yin ko ɗaya cikin waɗannan. Sukan karanta abin da ƴan jarida suka riga suka rubuta, su sake faɗarsa da murya mai daɗi. A 2019 aka zargi shirin Crime Junkie, ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar, da kwashe aikin wata ƴar jaridar jihar Arkansas ba tare da ambaton sunanta ba, har masu shirin suka sauke waɗansu kashi daga intanet. Rijiya ɗaya mai ruwa ba ta sa a kira dukan ramukan daji rijiyoyi.

Shirin Serial ma, uban tafiyar, wanda ya ci lambar yabo ta Peabody, ya bar baya da ƙura. Yarinyar da ya yi magana a kanta ƴar sakandare ce a yankin Baltimore, ƴar asalin Koriya, aka kashe ta a 1999, aka ɗaure tsohon saurayinta a 2000. Shirin ya sa duniya ta rabu biyu a kan ko shi ne ko ba shi ba ne. A watan Satumba 2022 kotu ta soke hukuncin ta sake shi. Ɗan'uwan yarinyar yana Kalifoniya, ba a sanar da shi da wuri yadda zai iya zuwa ba, sai ta bidiyo ya yi magana. Ya ce wa kotu shi a wurinsa wannan ba fodkas ba ne, rayuwarsa ce, abin kuwa ba ya ƙarewa. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta mai da hukuncin saboda an tauye haƙƙin ɗan'uwan nan, kotun ƙoli ta jihar ta tabbatar a 2024. A 2025 sabon mai gabatar da ƙara ya janye takardar neman sokewa, ya ce akwai maganganun da ba gaskiya ba a cikinta. Alƙali ta bar hukuncin laifi a tsaye, ta ce shekarun da ya yi a gidan kaso sun isa. Masu sauraro sun sami kashi 12 na nishaɗi, suka wuce zuwa wani shiri. Iyalin yarinyar sun yi shekara goma ana tone musu kabari.

Ba a ce a rufe baki a kan kisan ɗalibai ba. Shiru ma yana kisa. A watan Afrilu 1986 aka kashe Jeanne Clery, mai shekara 19, a ɗakinta na kwana a Jami'ar Lehigh. Iyayenta suka gano an yi laifuffuka masu yawa a makarantar waɗanda ba a taɓa faɗa wa ɗalibai ba. Suka bi majalisu shekara huɗu, har a 1990 aka yi dokar tarayya wadda ta tilasta wa jami'o'i su buga lissafin laifuffukan da aka yi a harabarsu kowace shekara, su kuma gargaɗi ɗalibai da sauri in akwai haɗari. Su ma labarin ƴarsu suka ba da, sau ɗaruruwa. Amma nasu ne, su suka zaɓi su faɗe shi, suka kuma san abin da suke nema da shi. Ko'ina a duniya gidan makoki yana da ladabinsa. Mai zuwa ta'aziyya yakan zauna, ya yi gaisuwa, ya yi shiru. Ba ya tambayar uwa ta nuna masa inda wuƙa ta shiga. In wani ya kafa rumfa a ƙofar gidan yana karɓar kuɗi yana ba da labarin yadda aka mutu, ba za a tsaya tambayarsa ko labarin daidai ne ba. Mai tsayawa ya biya ya ji ma ba za a wanke shi ba, gama masu talla kunnuwa suke ƙirgawa, kowane kunne kuwa kuɗi ne.

Ran 2 ga Yuli 2025 mai kisan Idaho ya amsa laifinsa domin ya kauce wa hukuncin kisa. Ran 23 ga wata aka yanke masa ɗaurin rai da rai sau huɗu a jere, ba afuwa, da ƙarin shekara 10. Aka ba shi dama ya yi magana, ya ƙi. Bai faɗi dalili ba. Alƙali Steven Hippler ya ce shi ma yana so ya san dalilin, amma ci gaba da nacewa a kan tambayar nan yana ƙara wa mutumin muhimmanci ne kawai, lokaci ya yi da za a ƙare ɗan sunan da ya yi.

Gidan da abin ya faru babu shi. Mai gidan ya ba jami'ar shi kyauta, aka rushe shi ran 28 ga Disamba 2023, ko da yake waɗansu iyayen sun so a bar shi sai an gama shari'a. Kafin nan sai da aka kewaye shi da shinge aka sa masu gadi, gama baƙi suna zuwa daga nesa su ɗauki hoto a gabansa. Bayan an yanke hukunci ƴan sanda suka fara sakin takardun bincike bisa ga dokar jihar, masu shiri suka rufa musu, aka yi sababbin kashi. A watan Agusta 2025 iyalan biyu daga cikin yaran suka ɗauki lauya suka koma kotu, suna roƙo kada birnin Mosko ya saki hotunan cikin ɗakunan da aka tarar da ƴaƴansu.